Jiragen Ruwa a Zauren Gidanmu

Mu mutanen Jos ba mu da wani ruwan kirki. Muna da na sama, wanda yake sauka kamar an yi masa laifi, muna kuma da kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a wajen Rayfield, waɗanda iyayenmu suka hana mu ko leƙawa. Ban da wannan sai duwatsu. Shi ya sa har yau nake mamakin yadda yayana, wanda ko iyo bai iya ba, ya ƙare a bakin teku yana aiki a wurin gyaran jiragen ruwa. In aka tambaye mu a unguwarmu ta Ali Kazaure me yake yi a can, sai mu ce aikin jirgi, mu bar mutane su ɗauka tuƙawa yake yi. Gaskiyar magana mu ma ba mu sani ba, kuma ba mu taɓa zaunar da shi mun tambaya ba.

Shi ne ɗan fari a wurin Inna, ni ce auta. Inna kuwa mutuniyar da ce wajen kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, in ya shigo ɗaki sai ta sami abin kallo a bango. In tana so ya ci abinci ni za ta ce wa, “Ki gaya wa mutumin can tuwo na hucewa,” alhali mutumin can yana zaune a gabanta. Shi ma ya saba, ta bakina yake amsawa. Haka na tashi ina tafinta tsakanin mutum biyu masu yare ɗaya, ba albashi ba godiya.

A wata damina ciwon zuciya ya kwantar da Inna. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya zama aiki. Bayan mun gaji da zirga-zirgar asibiti, likita ya ja ni gefe ya yi mini irin maganar nan da ake yi da murya ƙasa-ƙasa: ku kai ta gida, ku kula da ita, in akwai na nesa a kira shi. Na kira Yaya. Lokacin rasuwar Babanmu yana kan hanya aka yi jana'iza, ya iso ya tarar da ƙasa ɗanya, kuma abin bai taɓa barin ransa ba. Don haka da ya sauka daga mota, tun jakarsa na kafaɗa, ya ce mini wannan karon ba inda za shi sai ya ga abin da Allah zai yi.

Hutun da aka ba shi ya ƙare, Inna tana nan jiya i yau. Sai ogansa, wani bayerabe mai kirki da nake jin muryarsa a waya, ya yi masa alfarma: tunda yanzu rabin aikin a manhaja ake yi, ya zauna a Jos ya riƙa yi daga nan har a ga hali. A nan ne na san aikin yayana, bayan shekara da shekaru.

Ashe gadin wuta yake yi. Ya ce jirgin da aka jawo don gyara ba shi da maraba da kicin ɗin da aka zuba wa fetur: ga fenti, ga ragowar mai, ga tukwanen gas, ga masu walda a can cikin cikinsa inda ƙofar fita ɗaya ce kuma sai an hau tsani. Kafin mai walda ya kunna wutarsa, dole a tabbatar kowace tukunyar kashe gobara da ke kusa da shi tana da rai, kowace mesar ruwa ba ta tsage ba. A da kati ake rataya wa kowace tukunya a wuya, mai dubawa ya sa hannu, iskar teku ta jiƙa katin ya ruɓe, wani ma ya sa hannu daga inuwa bai je wurin ba. Yanzu kowace tukunya an manna mata wani ɗan zane mai ɗigo-ɗigo. Mai dubawa zai haska zanen da waya, manhaja ta gane wace tukunya ce da inda take, sannan ya ɗauki hoton geji mai nuna ƙarfin iskar da ke ciki, da fil ɗin da ke kulle hannunta, da bakin mesarta. Duk wannan ya taho wurin Yaya a kwamfutar hannu. In ya duba ya gamsu ya danna kore, sai izinin walda ya buɗe a can. In ya danna ja, ko mai jirgin ne da kansa ya zo, ba mai kunna wuta.

Zauren gidanmu ya zama ofis, don nan ne kawai sabis ɗin waya yake tsayawa. Kullum da safe zai shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ya lulluɓa da bargo saboda jikinsa ya manta sanyin garinsu, ya ɗora gilashi a karan hanci, ya shiga buɗe hotuna da yatsu biyu. Ni kuma in na kawo masa shayi sai in tsaya gulma. Na ga jirage a kan busasshiyar ƙasa an tokare su da katako, na ga mutane kamar tururuwa a gindinsu. Na ga jajayen tukwane har suka fara zuwa mini a mafarki.

Abu ɗaya ne yake damunsa. Ya ce farin garin kashe wuta da ke cikin tukunya yakan dunƙule saboda laima, ya zama kamar siminti, geji kuma yana nan yana nuna lafiya lau. Shi in yana can, kifa tukunyar yake yi ya kara kunne, ya ji garin yana zubowa a hankali. Manhaja ba ta da gurbin kunne. Sai ya sa masu dubawa su riƙa kifa tukunya suna kara waya a jikinta, su turo masa sautin. Sau nawa na tarar da shi ya rufe ido, ya manna kwamfuta a kunne, yana sauraron wani shuuu daga bakin teku, a waje kuma mai kunun gyaɗa tana talla. Na ce masa, “Yaya, wallahi in wani ya gan ka cewa zai yi aljanu kake kira.” Ya ɗaga mini hannu in yi shiru.

Matsalar ita ce safiyar da yake aiki ita ce safiyar 'yan dubiya. Inna mai mutane ce, ta yi shekaru tana sarin dankali a Farin Gada, ba wanda bai san ta ba. Mata su wuce ciki, maza su tsaya a zaure, kuma babban ɗa shi ne mai karɓar gaisuwa. Mutum zai zauna ya fara, ya mai jiki, ya ƙoƙari, ya aka ji da hidima, Yaya yana amsawa da baki, idonsa yana kan allurar geji. Ba a daɗe ba magana ta fara zagayowa ta dawo kunnena: wai zaman kudu ya ɓata shi, uwarsa na kwance yana latse-latse. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na tare wata da na san ita ce gidan rediyon unguwa na wanke ta tas, amma ban iya bin gari ina yi wa kowa bayanin walda ba.

Inna tana jin duk wannan daga gadonta. Wata rana ta ce, “Mutumin can, me yake kallo ne a farantin nan?” Na karɓo na nuna mata hoton wani jirgi. Ta daɗe tana dubawa, ta ce, “To wannan in ya kama da wuta ina mutane za su gudu?” Na ce abin da yake hanawa ke nan. Daga ranar ta sa na riƙa kai masa shayin da wuri.

Sai ga safiyar da jikinta ya rikice. Numfashi ya riƙa yankewa yana dawowa, ta daina gane mu. Aka aika wa Baffa, ƙanen mahaifinmu, tsohon direban babbar mota wanda bai taɓa koyon magana a hankali ba. Ya iso da malamai don a yi mata sauka, zaure ya cika, aka rarraba izu. A daidai lokacin ne kuma hotuna suka fara shigowa, na wani jirgi da ake gaggawar gamawa don a fitar da shi wani ya shiga. Yaya ya ja gefe yana so ya duba da sauri. Baffa ya kalle shi sau ɗaya, ya kalle shi sau biyu, ya miƙa hannu ya zare kwamfutar.

“Kai, ka ji tsoron Allah. Uwarka na can tana fama da ranta, kai kana nan kana wasa da madubi?”

“Baffa, aiki ne. Mutane ne suke jira na.”

“Su jira. Mu ma jira muke yi.”

Ya ɗaga buzun da yake zaune a kai, ya tura ta ƙarƙashi, ya koma ya zauna, ya miƙa wa Yaya izunsa. Wanda bai tashi a gida irin namu ba zai ce me ya hana shi karɓe abinsa. Mutum mai furfura a gemu, mai iyali, amma ba zai iya sa hannu ƙarƙashin baffansa a gaban malamai ba, ko da gari zai ƙone. Ya karɓi izu ya fara karatu. Ina leƙe ta labule ina jin kwamfutar tana gurnani a ƙarƙashin Baffa, shi kuwa ko gezau, sai dai ya gyara zama.

Ni ce na sato ta. Na aika a ce wa Baffa ya shigo ya tofa wa Inna addu'a, yana tashi na shiga da tiren ruwa, na fito da ita a cikin hijabi. Na yi wa Yaya alama, ya taso kamar zai sake alwala, muka haɗu a bayan kicin. Ga kiran oga a jere, ga saƙonni. Ya rubuta masa cewa a ba wani ya duba. Amsa ta dawo nan take: a kan wannan jirgi sunansa kaɗai manhaja ta sani, canjawa sai an bi ta ofis, mai canjawar kuma ba ya nan. Ga Baffa ya fara ƙwala masa kira daga zaure.

Na ce, “Buɗe mini kawai ka koma. Na ga yadda kake yi. Ni zan danna maka koren.”

Ya ce, “Kin san abin da za ki duba?”

“Allura a kan kore, fil a wurinsa. Yaya, kullum fa lafiya suke. Yau ɗaya?”

Na ga ya so ya yarda, don hannunsa har ya ɗago. Sai ya ce, “In aka danna, cewa na yi na gani da idona. Wanda zai sauka ramin nan da wuta a hannu, maganata ya riƙe.” Ya rubuta wa oga cewa kada kowa ya kunna wuta sai ya duba, ya kashe kwamfutar, ya ba ni, ya koma ya ɗauki izunsa. Na tsaya a wurin ina jin kamar in rotsa ta da ƙasa. Haushinsa nake ji, da na Baffa, da na wanda ya ƙirƙiro abin tun farko.

Sai bayan azahar aka shafa fatiha jama'a suka watse. Numfashin Inna ya ɗan daidaita. Yaya ya zauna ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya saurari kowane sauti, bai tsallake ko guda ba. Ina zaune a gefensa ina fata a raina a sami ko tukunya ɗaya da ta mutu, don ya sami abin nunawa. Babu. Duk lafiyarsu ƙalau. Ya danna kore a lokacin da masu walda suka riga suka yini a zaune, jirgin ya rasa ranar fitarsa, na bayansa ma ya makara.

Oga ya kira da la'asar. Bai yi faɗa ba, ya ma fara da tambayar jikin Mama. Ya ce shi ya gane, shi ma yana da uwa, amma masu jirgi ba su gane ba, kuma na sama da shi sun ce wannan tsari ya ƙare. Ko dai Yaya ya dawo bakin aiki cikin makon, ko ya miƙa wa wani kujerar gaba ɗaya. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma na yarda ya yi.

Kowa ya kawo tasa shawarar. Baffa ya ce aiki ana samun wani, kuma bai ga abin tattaunawa ba. Wata tsohuwar ƙawar Inna, 'yar asalin ƙauyukan nan na kan dutse, wadda suka yi kasuwa tare kuma take zuwa duk Lahadi bayan coci da ƙullin acca, ta sami Yaya a zaure ta ce, “Kai oga, ka koma aikinka. Mama naka ba zai mutu yanzu ba, ni na san shi, taurin kai ne da shi. Mu muna nan.” Muka yi murmushi irin na ladabi, don mun ji abin da likita ya faɗa. Ni kaina da safe in ce ya tafi, da yamma in ce ya zauna. Matarsa daga can ta ce duk abin da ya yanke daidai ne, amma na ji 'ya'yansa suna surutu a bayanta, na san abin da take haɗiyewa.

Mutum ɗaya ce maganarta za ta raba gardama. Hankalin Inna ya dawo a kwanakin, sai na zauna a bakin gado na ce, “Inna, an ce wa Yaya ya koma ko ya bar aikin. Me kika gani?” Yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Ta juya fuska bango ta ce, “Ni me na sani a aikin maza.” Na sake tambaya, ta ce in gyara mata filo.

Yaya ya miƙa aikin. Ya yi kwanaki yana waya da wanda zai gaje shi, yana gaya masa wace kusurwa ce laima ta fi kamawa, wane mai dubawa ne yake ɗaukar hoto daga nesa don ƙiwuya, yana roƙonsa kada ya bar zancen kifa tukunya ko da manhaja ba ta tambaya ba. Wata safiya ya buɗe manhajar kamar kullum, ta ce ba ta san shi ba. Ya sa kwamfutar a kwalinta ya kai tasha aka tafi da ita. Da ya dawo ya karɓi gaisuwar 'yan dubiya da hannu biyu da ido biyu, unguwa ta ce yanzu ya dawo hanya.

Muka zauna jiran abin da likita ya ce. Damina ta wuce. Kumburin ƙafa ya fara saɓewa. Inna ta nemi fate, ta sha, ta ce gishiri bai ji ba. Ta fara zama, ta fara takawa zuwa tsakar gida tana dafa bango, ta fara yi wa jikoki faɗa. Da muka koma asibiti likitan ya duba ta, ya sake dubawa, ya ce ikon Allah. Ƙawarta kuwa ta shigo tana tafa hannu tana cewa ai ta gaya mana. Mun yi murna, wallahi mun yi, har sadaka muka yi. Sai dai ni ban iya yin murnar ba tare da na saci kallon Yaya ba.

Ya nemi komawa, aka ce kujera ta cika, a yi haƙuri. Ya nemi wasu wuraren, suka ce shekarunsa sun ja. Daga baya ya kwaso iyalinsa, ya kama ɗan shago a hanyar Farin Gada yana cika tukwanen kashe gobara. Masu gidan mai da direbobi ne abokan cinikinsa, yawancinsu kuma ba ruwansu da ko tukunyar tana aiki, su dai a manna musu takarda saboda jami'an hanya. Yana yi musu wa'azi, suna cewa sun ji, oga, a dai yi sauri. Bai taɓa yin ƙorafi a gabana ba. Amma mutumin da jirgi guda yake jiran yatsansa, yanzu yana zaune a benci yana korar ƙuda, kuma duk wanda ya san shi a da ya san ya rage magana.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya biyo gida gaishe ta. Tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, faifai a cinya, tana tsince acca, ni ina yanka alayyahu. Ya durƙusa daga nesa kamar yadda ya saba, ya gaishe ta, ta amsa wa faifai. Har ya yunƙura zai tashi sai ta kira ni.

“Ki gaya wa mutumin can ya yafe mini.”

Na ce, “Inna, me kika yi masa?”

“Na sa ya ajiye aikinsa ya zauna jiran jana'iza, ga shi ban mutu ba.”

Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce irin tata, na ce to Allah ya ƙara nisan kwana. Ba ta yi dariya ba. Hannunta ya tsaya a cikin accar.

“Ranar da kika tambaye ni, na ji sarai. Na san in na ce ya tafi zai tafi. Ki gaya masa ina sane na yi shiru. So nake ya zauna.”

Tunda nake ban taɓa jin ta faɗi abin da ya kai wannan kusa da cewa tana son sa ba. Wuƙa na hannuna, na rasa ta inda zan fara isar da saƙon. Yaya ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza bakin hularsa. Da ya ɗago bai kalle ni ba, ita ya kalla.

“Inna, ko kin ce in tafi, ba zan tafi ba.”

Ba gaskiya ba ne, kuma mu ukun duk mun sani. Bai taɓa tsallake maganarta ba tun yana yaro, ko da ta bakina ta biyo. Inna ta share ido da gefen mayafi, ta jawo faifanta ta ci gaba da tsinta, ta ce in gaya masa ta gode.